Kuɗin mutanen da ruwa ya ci ne, yayana yana so a biya tauraro da su

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Marwa, a arewacin Kamaru, shugaban kuwa yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da ruwa ya ci ƙauyukan wajen Yagwa, mun bi masallatai da shaguna da gidaje mun tara sefa 900,000. Yanzu Yaya da yawancin yara sun dage sai an gayyato wani tauraron TikTok ranar rabo ya ɗauki bidiyo, wai sunan ƙungiya zai fita duniya, kuɗi kuma su ƙaru. Ya nemi 250,000, ban da mota da masauki da za su ci wajen 100,000. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai wata baiwar Allah mai aikin sa-kai da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge (Red Cross) da ta yi makonni a can tana shiga ruwa, ita ta kawo mana labarin halin da ake ciki, amma ko sunanta ba a ambata a taro. Na yi magana an ce hassada ce. Ba na so in kunyata Yaya a gaban mutane, ba na kuma so in sa hannu. Ina mafita?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam ma'aji. Allah ya saka muku da alheri, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da abin da ya fi. Kada ka sa hannu a fitar da ko dala daga wannan kuɗi don tauraro. Amma kada ka shiga taro da gardamar ko mutumin na kirki ne ko na banza. A nan za a kayar da kai, don yaran suna son sa, kuma ba a cire wa matashi gwaninsa daga rai a zama ɗaya. Ka shiga da lissafi.

Mai shagon da ya ba ku 2,000, da tsohuwar da ta kwance bakin zane ta ba ku 500, me kuka faɗa musu? Kun ce na mutanen da ruwa ya ci ne. Da wannan sharaɗi suka bayar, kuma ƙungiya ba ta da ikon sauya shi ko da kowa ya ɗaga hannu. Kuɗin mota da dako da buhunan zuba kaya suna cikin aikin, ba mai bayarwar da zai yi mamakinsu. Ladan mai bidiyo ba ya ciki. In kuma akwai wanda ya ce abin da ya ba ku zakka ce, lamarin ya ƙara nauyi, ku kai wa limamin unguwa kafin a taɓa komai.

Ga lissafin. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suke bi shi ne mutum ɗaya ya samu abincin kalori 2,100 a rana. A aikace wannan yana kamawa wajen giram 400 zuwa 450 na hatsi, giram 60 na wake, giram 25 zuwa 30 na mai, da gishiri giram 5. Gida mai mutum shida ke nan yana cin aƙalla kilo 2.4 na hatsi kullum, don haka buhu mai kilo 50 zai kai su kwana 20. A waɗannan kwanaki suna bukatar wake kilo 7, mai lita 3 da ɗoriya, gishiri rabin kilo da ɗan ƙari. Bayan abinci akwai jarka mai murfi ta lita 20, guda biyu ga kowane gida, da sabulun wanka giram 250 da na wanki giram 200 ga kowane mutum a wata, da gidan sauro ɗaya ga mutum biyu. Kuɗinku ba zai ɗauki duk wannan ba, dole ku zaɓa, kuma za mu zo kan wanda ya kamata ya zaɓa muku. Ka shiga kasuwa da kanka ka rubuto farashin yau, kada ka dogara da na watan jiya. A ce kunshin gida ɗaya ya tsaya a 30,000. Da 900,000 gida 30 ke nan. In aka cire 350,000 sai a koma gida 18. Wato gida 12, mutum sama da 70, su ne za su biya kuɗin bidiyon da cikinsu. Wannan adadi ka rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, shi za ka ajiye a tsakiyar tabarma.

Za su ce ai kuɗin zai dawo ninki. To a gwada, gwajin kuwa kyauta ne. A tura wa tauraron saƙo a roƙe shi ya yi bidiyon minti ɗaya daga inda yake zaune, ya faɗi halin da ake ciki, ya sa lambar Orange Money ko MoMo ta ƙungiya a jikin bidiyon. Ka rubuta abin da ke cikin asusun kafin ya saki, ka sake dubawa bayan kwana uku, don abin da bai shigo a kwana ukun farko ba da wuya ya shigo daga baya. Mabiyansa suna cikin wayarsa, ba sai ya tako Yagwa za su ji shi ba. In ya yarda, kun samu abin da kuke nema ba ku kashe komai ba. In ya ce sai an biya, kun san sana'a yake yi, kuma sana'a ba laifi ba ce, sai dai a biya shi daga aljihun masu son ganinsa ko wani ɗan kasuwa da ya ɗauki nauyi da saninsa. Sanƙira yana da aikinsa a biki, amma ba a yanka masa rabo daga sadakin amarya.

Yawan masu kallo yana ruɗar mutane. Danna hoton zuciya ba ya cin komai, tura 1,000 kuwa sai mutum ya fita daga manhajar, ya buga lamba, ya sa lambar sirri, ya biya kuɗin turawa. Mabiyan irin waɗannan taurari yawancinsu yara ne da ke haɗa kuɗin data da kyar, wasu kuma suna Najeriya ko Saudiyya ko Sudan, inda lambar ku ta Kamaru ba za ta yi musu sauƙi ba. Kada kuma ku yarda a tara ta hanyar kyaututtukan da ake jefawa a lokacin shirin kai-tsaye. Waɗannan asusun mai shirin suke shiga, ba naku ba, bayan kamfanin TikTok ya cire kasonsa. A 2022 BBC ta yi gwaji a sansanonin 'yan gudun hijira na Siriya, ta tura kyautar dala 106 ta Amurka, abin da ya bayyana a asusun da aka tura wa dala 33 ne. Kamfanin ya musanta cewa kasonsa ya kai haka, amma ko rabi ne aka cire, asara ce ga mai jin yunwa.

Akwai kuma hukuma, kuma wannan ce hujjar da Yaya zai fi saurara, don sunansa ne a kan takarda. Bin shagunan unguwa inda kowa ya san kowa daban, jefa lamba ga duniya daban. A Kamaru akwai dokar 1983 da ta tsara neman taimako daga jama'a, tana bukatar izinin hukuma. Kafin kowane bidiyo ya fita, ku je ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, da takardar rajistar ƙungiya ku tambayi abin da ake bukata. Rabon kansa ma sai an sanar da sufurefen yankin da za ku da kwanaki, da lawan ko bulaman ƙauyen.

Ko da kyauta zai zo, kada a kai shi wurin rabo. Dalilin na aiki ne. Rabo yana tafiya lafiya ne idan waɗanda suka zo su ne waɗanda aka rubuta. Da zarar labari ya fita cewa wane zai zo, masu babura za su kwaso matasa daga garuruwan kewaye, kun shirya wa gida 30 sai ku tarar da ɗaruruwa. Masu ƙarfi su matso gaba, tsofaffi da masu ciki su koma baya, igiya ta tsinke. Yaranku da ya kamata su tsare ƙofa kowa ya ɗaga waya. Mai bidiyo kuma yana son haske mai kyau da buhuna a jere, sai a tsayar da mutane a rana ana jiransa, a ce wa tsohuwa ta mayar da buhu a sake miƙa mata don hoton farko bai fita ba. A ƙarshe wani ya hau mota ya fara jefa kaya don taro ya watse, kuma wanda ya fi kowa bukata shi zai koma hannu rabbana. Da ana son amfani da farin jininsa, wurinsa Marwa ne, a taron tara gudummawa, da akwati a kulle da mutum biyu masu ƙirga a gaban jama'a.

Rabo mai kyau ba shi da daɗin kallo. Ana fara shi da rajista, gida-gida, kwana biyu ko uku kafin ranar. Kada ku karɓi takardar sunaye daga hannun mutum ɗaya komai girmansa, don ɗan Adam ne, danginsa za su riga kowa. Ku haɗa bulama da mata biyu na ƙauyen da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ku amince da sharaɗi tun farko: gidan da ya rushe, gwauruwa mai yara, tsoho marar mai kula, mai ciki ko mai shayarwa. Ku karanta sunayen a bainar jama'a don a gyara. Ku tuna yankin na Masa da Musgum da Tupuri ne, da Musulmi da Kirista, don haka kuna bukatar tafinta, kuma ba a tambayar addinin mutum kafin a rubuta shi. Ku tambayi ofishin magajin gari da Croix-Rouge ƙauyukan da aka riga aka kai wa, don kowa bakin kwalta yake tsayawa, na bayan ruwa kuwa da sai an shiga kwalekwale ba mai zuwa. Kowane gida a ba shi kati mai lamba da hatimin ƙungiya. Ranar rabo a fara da sassafe, ƙofar shiga ɗaya ta fita ɗaya, a kira goma-goma, mutum ɗaya yana karɓar kati, wani yana duba suna, mai karɓa ya dangwala yatsa. A ajiye mutum guda can gefe, nesa da kayan, don jin ƙorafi.

Abin saye kuma, ku tambayi mutanen. Can jar dawa ce abincin yau da kullum, kuma in kasuwar Yagwa tana ci, sayen hatsi a can zai rage muku kuɗin mota, sai dai ku kwatanta farashi tukuna. Wanda aka ba tsabar hatsi yana bukatar kuɗin niƙa, ku sa wa kowane kunshi ɗan abin da zai kai inji, in ba haka ba zai sayar da mudu biyu da araha don ya niƙa sauran. Kada ku sayi madarar gwangwani ta jarirai: inda ruwa ya gurɓace, haɗa ta da wannan ruwa gudawa ce, kuma tana sa uwa ta rage shayarwa. Kada ku raba magungunan da ba likita ya rubuta ba. Tsofaffin tufafi da ba a tantance ba suna cin wuri a mota su bar ku da faɗa. Abin da ke kashe yara bayan ambaliya ruwan sha ne da sauro, don haka jarka mai murfi da sabulu da ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwan sha da SRO, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da gidan sauro sun fi kamanninsu daraja. Ƙwayar tana da girma daban-daban, a bi adadin litar da ke jikin takardarta, a tace ruwan in ya yi laka, a jira minti 30 kafin a sha. Ƙunshin SRO ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Audugar mata kuma kullum ita ake mantawa, saboda maza ne ke rubuta jerin kaya.

Maganar hoto: kuna bukatarsa don masu bayarwa su ga inda kuɗinsu ya tafi. Ku ɗauki buhuna, da rasidi, da layi daga baya. Kada a ɗauki fuskar mai karɓa sai ya yarda bayan an faɗa masa inda hoton zai je, kuma a tabbatar masa ko ya ƙi zai karɓi rabonsa. Yara kuwa a bar su gaba ɗaya. Alƙur'ani a Baƙara ya halatta bayyana sadaka, ya ce ɓoye ta ya fi, ya kuma hana ɓata ta da gori da cutarwa. Magidancin da jiya yake ciyar da mutum goma, yau a nuna shi ga duniya yana miƙa hannu da kiɗan tausayi a ƙasa, an cuce shi ko da ba a yi nufi ba.

Yanzu ga abin da ke ƙona maka rai. Ba hassada ba ce, kuma ba a ƙungiyarku kaɗai ake yi ba. Manhajojin nan suna tura wa mutane abin da ke riƙe ido ne, don da shi suke sayar da talla: sananniyar fuska, dariya, kuka, faɗa. Wanda ya wuni yana zuba sinadari a rijiyoyi, nasararsa ita ce kwalarar da ba ta ɓarke ba, kuma wannan ba ta da hoto. Yaro yana ganin tauraro sau ashirin a rana har ya ji kamar ɗan ɗakinsu ne, alhali shi bai san da zamansa ba. Ka gwada a taro, cikin raha, ka tambayi wa ya san Marthe Wandou, da ta kafa ƙungiyar ALDEPA tana aikin kare yara mata a wannan yanki, har ta samu kyautar Right Livelihood a 2021. Ko Aïssa Doumara, da ke aiki a nan Marwa da matan da aka ci zarafinsu da waɗanda aka aurar da ƙuruciya, wadda ita ce ta fara karɓar kyautar Simone Veil ta Faransa a 2019. A garinku suke aiki. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo yana nan tun 2013 da dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya, kuma masu auna yara da masu gyaran famfo a cikinsa ba wanda ya san sunansu a waje. Don adalci, akwai masu suna da suka yi abin a zo a gani: Sadio Mané ya gina asibiti a ƙauyensu Bambali a Senegal. Bambancin a bayyane yake, shi daga aljihunsa ya fitar.

Wa'azi ba zai juya yaran ba, aiki ne zai juya su. Wanda ya fi kowa son bidiyo, shi za ka ba ɗaukar hoton rasidi da haɗa rahoton da za a tura wa masu bayarwa, da sunansa a ƙasa. Biyu su bi masu rajista gida-gida. Wasu biyu a roƙi ma'aikacin asibiti ya koya musu awon damtse da tef ɗin nan mai launi uku: yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, asibiti a ranar. Matashin da ya ɗaura tef a hannun yaro ya ga ja da idonsa, ya kuma ga wadda ta san abin yi a lokacin, ba sai ka faɗa masa wa ya cancanci girmamawa ba. Bayan an dawo, ku nemi reshen Croix-Rouge na Marwa ku ji yadda ake shiga horon taimakon gaggawa. Ruwan kogin Logon ya yi ɓarna a 2022, ya sake yi a 2024 daga Yagwa har Kusuri, a Chadi kuma ya shafi mutum kusan miliyan 2 a shekarar. Zai dawo, kuma ƙungiya mai mutum goma da suka samu horo ta fi mai mabiya dubu goma amfani a ranar.

Ita kuma baiwar Allahn nan, kada ku mayar da ita tauraruwa don ku rama. Masu aikin Croix-Rouge suna da ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare, kuma watsa hotonta da rigar aiki a tallar wata ƙungiya zai iya jawo mata tambaya daga shugabanninta. Girmamawar da ta dace da ita ita ce a zaunar da ita a gaba lokacin da ake yanke wane ƙauye da wane kaya, a kuma bi maganarta. Ita ce mai zaɓar da muka ce za mu zo kanta. Sannan ku rubuta takardar godiya zuwa reshensu da sunanta, in ta yarda. In kuna son yi mata alheri, ku haɗa daga aljihunku.

Saura Yaya. Kada ya fara jin wannan lissafi a gaban yara. Ka same shi a gida bayan isha'i, shi kaɗai, da littafin kuɗi da farashin kasuwa a hannunka. Ka fara da abin da yake so, don ba mugun abu yake so ba, so yake ƙungiyar da yake shugabanta ta yi suna. Ka ce masa: Yaya, gobe in mai shago ya tare ka ya ce ina kuɗina suka tafi, kai za a tambaya, ba ni ba, ba kuma baƙon da ya hau mota ya tafi ba. Ka kawo masa gwajin bidiyon minti ɗaya da taron gudummawa a Marwa, ka bar shi ya kai su taro a matsayin shawararsa. In ya fito daga bakinsa, yara za su bi, kai kuma ba ka rasa komai ba. In ya ƙi, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko liman, ya zauna da ku biyu, ba tare da an kai maganar dandalin WhatsApp na ƙungiya ba.

In duk wannan bai yi ba aka ce sai an fitar, ka nemi a rubuta a takardar taro cewa ma'aji bai amince ba, da dalilinsa, ka kuma nemi a sanar da manyan masu bayarwa kafin a kashe, don wanda bai yarda ba ya karɓi kuɗinsa. Yawanci a nan maganar take mutuwa. In ba ta mutu ba, ka ƙirga kuɗin a gaban shaidu biyu da ba 'yan gidanku ba, ka miƙa su da littafin, ka ajiye muƙamin ba tare da zagi ko habaici ba. Takardar miƙawar a yi ta kwafi biyu da sa hannun kowa, ɗaya ta zauna a wurinka.